Lissafin mol bai fi ƙirga tayoyin adaidaita sahu wuya ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ni malamin kemistiri ne a wata sakandare a nan Kano, kuma duk shekara in WAEC da NECO sun ƙarato sai ka ga yaro mai ƙoƙari wallahi, amma da an ce masa ga giram kaza na sinadari kaza, nemo mol nawa na atom ke ciki, shikenan ido ya raina fata. Laifinmu ne mu malamai, mun ba su fomula sun haddace kamar karatun aku, ba mu taɓa gaya musu me ake ƙirgawa ba.

Mol fa adadi ne kawai, kamar yadda dozin yake 12, kiret ɗin ƙwai 30. Sai dai shi nasa adadin ya fi ƙarfin baki, 6.022 sau 10 mai ƙarfin 23 (wato 1 da sifili 23 a bayansa), wanda aka sa wa sunan Avogadro, wani masani ɗan Italiya. Tunda ba wanda zai zauna ƙirga atom, wato mitsi-mitsin ƙwayoyin da suka haɗu suka yi kowane abu, ɗaya bayan ɗaya, sai a ɗora a sikeli, a raba nauyin da nauyin mol ɗaya. Ƙarfe mol ɗinsa giram 56 ne, toh in kana da giram 112 ai mol 2 ke nan, nan yara ba sa faɗuwa.

Inda ake kwasar su shi ne in sinadarin haɗi ne. A ce ruwa giram 36. Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, yaro zai raba ya samu 2, ya ja layi biyu a ƙasa yana murmushi, alhali abin da ya samo mol na ruwa ne, shi kuwa mai tambaya atom ya ce. Ni abin da nake ce musu, ku ɗauki ruwa kamar adaidaita sahu, taya biyu a baya su ne haidirojin, ɗaya a gaba shi ne oksijin. In an ce adaidaita goma sun yi layi a Ƙofar Wambai taya nawa ne, akwai wanda zai ce goma? Sai ajin ya kwashe da dariya, talatin mana Malam! Toh haka mol 2 na ruwa yake ba da mol 6 na atom, 4 na haidirojin, 2 na oksijin. Tun daga ranar sai dai wani kuskuren, ba wannan ba.

Kuma kar wani ya ce abin na jarrabawa ne kawai. Takin yuriya da iyayenmu ke zuba wa masara da shinkafa, mol ɗinsa giram 60 ne, kabon 12, oksijin 16, haidirojin huɗu 4, naitirojin biyu 28. Buhu mai kilo 50 giram 50,000 ke nan, raba da 60 ka samu wajen mol 833, a ninka biyu tunda kowace ƙwaya naitirojin biyu gare ta, wajen mol 1,667, a buga da giram 14, nauyin mol ɗaya na atom ɗin naitirojin, sai ga kilo 23 da ɗoriya. Wato a buhun nan kilo 23 ne abincin da shuka ke nema, kuma shi ne 46% ɗin da ake rubutawa a jikin buhu, wanda da yawa muna gani muna wucewa. Ranar da na yi wannan a allo wani yaro ɗan manomi cewa ya yi ashe shi ya sa babansa ke nacewa sai ya duba lambar nan kafin ya biya.

Roƙona Edita, ku ware mana ko rabin shafi ne a mako na kimiyya da Hausa, irin wannan lissafin a warware shi da yaren da yaro ke tunani da shi. Akwai malamai da yawa da za su rubuto kyauta, ni ma na farko a layi.

Naka,
Wani malamin kemistiri, Kano.