Don Allah a faɗakar da mu kan seleniyom na awaki

Malam Edita, assalamu alaikum. Daga Tahoua nake rubuto maka. Bara jar akuyata ta haifi ƴan biyu, ƙafafu sanyi ƙalau, ko nono ba su iya kamawa, likitan dabbobi ya ce ƙarancin seleniyom ne, wato wani sinadari da jikin dabba ke buƙata ɗan kaɗan, ya yi musu allura mai haɗe da bitamin E, ɗaya ya miƙe ɗaya ya tafi.

To ashe seleniyom ɗin kala-kala ne. Na cikin dutsen lasa, selenit, shi ne mai araha amma tumbi yana ɓata wani kaso, na cikin yis kuwa, irin yis ɗin da ke kumbura burodi, jiki ya fi karɓarsa har ya sauka cikin nono, sai dai tsada. Allura kam wallahi a bar wa likita, in ta yi yawa guba ce. Ku taimaka ku yi mana bayaninsa a jarida.

Wani makiyayi, Tahoua