Wasiƙa daga Aboabo: littafin da aka tsinta ƙarƙashin katifa

Aboabo, Kumasi

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya zafin Kano? Mu nan ruwa ya ƙi ɗaukewa, kwatar bayan gidanmu kullum a cike, in ka shiga kasuwar Kejetiya sai ka naɗe ƙafar wando. Na ga saƙonka tun watan jiya. Ka yi haƙuri, ba raini ba ne, magana ce ta taru wadda waya ba za ta ɗauka ba.

Wancan makon mai ɗakina tana kakkaɓe ɗakin samari sai ta ɗaga katifar babban yaron, wanda ka san ba na kiran sunansa, ta tarar da littafin rubutu irin na makaranta. Shafi bayan shafi cike da wasu baƙaƙe masu lanƙwasa, da ɗige-ɗige a samansu kamar wasali, amma ba ajami ba ne, ba boko ba ne. Ta ƙulle shi a leda, ta riƙe da yatsu biyu kamar mushen ɓera, ta kawo mini shago. Cewa take yi an sa yaron cikin ƙungiyar asiri, ko kuwa wani malamin tsibbu ya ba shi hatimi. Ni ma fa gabana ya faɗi, ba zan ɓoye maka ba. Na jira aka idar da isha'i, na kira shi soro, na ajiye ledar tsakaninmu. Da farko ya yi dariya, da ya dubi fuskata sai dariyar ta koma ciki.

Ashe rubutun wani Bature ne ya ƙaga shi, Tolkin, malamin harsuna a jami'ar Okisfod ta Ingila, wanda aka haifa a Afirka ta Kudu a 1892, ya rasu a 1973. Shi ne mai labarin zoben nan da aka mayar fim, wanda yara ke kwana kallo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne mutumin harsunan ya fara ƙerawa, daga baya ya gina musu duniyar da za a yi magana da su. Ɗaya ya ɗauko daɗin sautinsa daga harshen mutanen Finlan, ɗaya daga na mutanen Welis. Kamar mutum ya ɗinka riga tukuna, sannan ya tafi neman wanda za ta yi wa daidai. A matsayina na tela na ce wannan aikin baibai ne, amma dare uku ina zaune yaron yana karanta mini, har na fara ganin inda ɗinkin ya kama.

Ka ji yadda ya tsara farkon halitta a labarinsa. Akwai Ɗaya, ana ce masa Eru, kuma Ilubatar, wato uban kome. Ya halicci wasu bayi kamar mala'iku, ya ba su waƙa su rera, daga waƙar nan duniya ta samu. Sai mafi ƙarfinsu, Melkor, girman kai ya ɗebe shi ya shigar da nasa amon don ya ɓata na sauran. Ban bari yaron ya ƙarasa ba na ce ai wannan Iblis ne aka canza wa riga. Kuma haka ne, Tolkin Kirista ne ɗan Katolika mai riƙo da addininsa, abin da ke cikin tulu shi ke tsatsowa a bayansa. Inda ya fi taɓa ni shi ne maganar mutanen farko na labarin, masu tsawon rai. An ce sun farka a bakin wani ruwa tun babu rana babu wata, suka ɗaga kai suka ga taurari, kalmar da ta fara fita bakinsu ita ce "ele", wato "duba!" Daga nan kalmar tauraro ta fito a harshensu, daga nan kuma sunansu, Eldar, mutanen taurari. Dubi wannan, Malam: mutum ya zauna ya yanke cewa kalmar farko ba "ba ni" ba ce, ba "nawa" ba ce, mamaki ce. Ko sunan jaruminsa Earendil a wata tsohuwar waƙar addini ta Turancin dā ya tsince shi, inda yake nufin gamzaki, tauraron asuba, sai ya gina labarin matuƙin jirgin ruwa da ke yawo a sama da haske a goshinsa.

Akwai kuma wadanni maƙera, mazauna cikin duwatsu. Harshensu a kan tushen baƙi uku aka gina shi, kamar yadda ka san kaf, ta da ba suke ba mu kitabu da katibu da maktabu. Kowane ɗayansu yana da sunan gaskiya wanda ba ya faɗa wa bare, ko a kan kabarinsa ba a rubuta shi. Da yaron ya zo nan yana ta zumuɗi, wai ban taɓa jin irin wannan ba. Na ce masa, kai, shekararka nawa a gidan nan, ka taɓa jin ni ko uwarka mun kira sunanka na yanka? Ya yi shiru. Alkunyar da yake gani ƙauyanci ce, ga shi Bature ya sa ta a littafi ta zama abin burgewa.

Ka tuna zaurancen da muke yi a makarantar allo, mu cusa "da" da "di" tsakanin gaɓoɓi don kada gardi ya gane muna shirin zuwa tsinkar mangwaro? Wannan juya harshe ne kawai, babu kome a ƙasansa. Abin da na lura game da waɗannan ƙagaggun harsuna shi ne ba yawan kalmomi ke ba su rai ba. Sai an sami abin da ake jin nauyin ambatonsa, da abin da ake rantsuwa da shi, da sunan da ake ɓoyewa, sannan mai karatu ya yarda akwai mutane a bayan maganar. Kuma marubuci ba shi da inda zai samo wannan nauyin sai daga abin da shi ko wasu suka yi imani da shi.

A nan ne kuma nake da ƙorafi. Akwai wani labarin hamada na wani Ba'amurke, Frank Habat, da ya fito a 1965, an sake yin fim ɗinsa a 2021 da 2024. Mutanen hamadar suna jiran Mahadi, suna kiran baƙon da ya zo musu Lisanul Gaibi, laƙabin da Farisawa ke yi wa mawaƙinsu Hafiz na Shiraz. Yaran Zango suna ta maimaita kalmar suna shewa a wurin ƙwallo, ba su san daga akwatin kakanninsu aka ɗauko ta ba. Ban ce haramun ne aro ba, ni ba mufti ba ne. Amma kayan da aka ara daga masallaci aka kai dandali, dole mai kayan ya ji wani iri.

Mu da muke zaune cikin Tonawa, wato mutanen Asante, ai mun san bambancin labarin da aka ƙaga da wanda aka rayu a kai. Kujerar zinarensu sunanta Sika Dwa Kofi, Kofi don ran Juma'a suka ce bokansu Okomfo Anokye ya sauko da ita daga sama a gaban sarkinsu Osei Tutu. Wato da Bahaushiya ce da Jummai za a ce mata. Sun ce ran ƙasar Asante duka yana cikinta, ko sarki ba ya zama a kai. A 1900 gwamnan Turawan mulkin mallaka Hojsin ya zo Kumasi ya nemi a kawo masa ita ya hau, wata sarauniyarsu Yaa Asantewaa ta ta da yaƙi, mutane suka mutu. Babu wanda zai mutu saboda Ilubatar. Haka mu ma, har gobe akwai tsofaffin da ba sa ambaton mutanen Jangare, wato iskoki, da dare sai su ce "mutanen ɓoye", alhali sun yi salla sun yi azumi.

To ga inda maganar ta tsaya mini a maƙogwaro. Ƙarshen littafin ba na Tolkin ba ne, yaron nasa harshen yake ƙagawa. Ya jera kalmomi wajen ɗari biyu: ruwa, wuta, uwa, goro, har da tuwo. A saman shafin farko ya rubuta "Mahalicci" da Hausa, gabanta kuma fili. Na tambaye shi dalili. Ya ce ya gwada sau uku yana gogewa, duk sunan da ya ƙaga sai ya ji kamar ya yi shirka. Na ba shi labarin wata mai ibada Bajamushiya ta ƙarni na 12, Hildegad, wadda ta ƙagi harshe mai kalmomi wajen dubu, ta fara jerin da sunan Ubangiji, Aigonz. Ya ce ita ta iya. Na tuna masa ayar Baƙara, cewa Allah ne ya sanar da Adamu sunaye dukkansu. Ya ce shi ya sa. Na mayar masa da littafinsa ban ƙara ko uffan ba. Uwarsa dai har yanzu ba ta yarda ya kwana ƙarƙashin katifa ba, yana kan kabad kusa da rediyo inda idonta ke kai.

Yanzu taurari yake son raɗa wa suna, kuma na ce ba zai ƙagi ko ɗaya ba sai ya san namu. Ni gamzaki na sani, da zara matar wata, da kaza da 'ya'yanta, daga nan na ƙare. Don Allah in ka je gida ka zauna da Inna, ka rubuto mini duk wanda ta tuna, da lokacin da yake fitowa. Ka gaishe ta ƙwarai, ka ce goronta na nan tafe da direban da ya kawo albasa. Mai ɗakina tana gaida uwargida.

Wassalam,
Naka, amininka na Aboabo