Lambar da ke jikin kafasita iyaka ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in ja hankalin 'yan'uwana masu gyaran rediyo da amfilifaya kan wani kuskure da ke jawo wa jama'a asara, wato sauya kafasita (abin da ke tara cajin wuta a cikin na'ura) idan ta mutu ba tare da lissafa ƙarfin wutar da za ta zauna a kanta ba.

A makon jiya aka kawo mini amfilifayar wani masallaci wadda aka gyara har sau biyu cikin wata uku, amma lasifika ba ta daina gurnani ba. Da na kwance ta, sai na tarar manyan kafasitoci biyu na sashen wuta sun kumbura kamar ƙosai, ruwan cikin ɗaya ya tsiyaye ya bushe a kan allon. An rubuta 50V, wato bolt 50, a jikinsu, kuma ina kyautata zaton wanda ya saka su ya ga taransifomar tana ba da bolt 35 ne, ya ɗauka akwai sauran sarari.

A nan lissafin ya kuɓuce masa. Wutar taransifoma mai kai da komowa ce, kuma idan ta ratsa rektifaya, wato abin da ke mayar da ita mai bin hanya ɗaya, kafasita tana cika ne har ƙololuwarta, wato a ninka 35 da 1.4, abin da ya kama bolt 49. Ke nan ko wuta tana daidai, bolt ɗaya kacal ya rage. To, ina ga ranar da janareta ya yi sama, ko wutar layi ta haura bolt 230 da kashi 10 cikin ɗari, wanda ba baƙon abu ba ne a wurinmu? A lokacin, kusan bolt 54 ne zai hau kan abin da aka ƙera don 50.

Mafita ita ce a saka kafasita mai 63V, amma wasu yaran shago suna tsoron cewa za ta ƙona lasifika. Ba haka ba ne, domin lambar tana nuna iyakar abin da kafasita za ta jure ne, ba wutar da take turawa ba. Abin da ya kamata a bari yadda yake, ko kusa da haka, shi ne adadin mikrofarad, wato ma'aunin yawan cajin da kafasita ke iya riƙewa. Sai dai ban ga dalilin tsallakawa zuwa 100V ba, tunda kuɗinta ya fi yawa, ga girman jiki, sau da yawa ma ƙafafunta ba sa shiga ramukan allon.

Ni dai sai da na auna layin da mita, na kashe na'urar na sauke cajin kafasitocin da rizisto, wato abin da ke rage gudun wuta, kafin in kai hannu, sannan na saka masu 63V waɗanda aka rubuta wa 105°C maimakon 85°C, wato waɗanda suka fi jure zafi, saboda a cikin rufaffen akwati ake ajiye wannan amfilifaya, ga kuma zafin bazara yana tafe.

Naku,
Wani mai gyaran amfilifaya, Kano