Wasiƙa ga Iyaye: Tarihin Ikilisiyarmu a Shendam da Aikin da Muka Ba Yara

Iyayenmu da masu riƙon yara, salama da alheri. Muna fata kuna lafiya, da gida da gonaki.

A wannan zango ɗaliban manyan azuzuwa za su yi nazarin tarihin ikilisiyarmu, kuma ba za su iya ba sai da hannunku.

Ran 12 ga Fabrairu 1907 Fada uku na SMA, wata ƙungiyar Katolika mai aikin mishan a Afirka, suka iso Shendam, ƙasar Goemai: Oswald Waller da Joseph Mouren da Ernest Belin. Ba mota, ba kwalta. Farkon lamarin bai yi sauƙi ba, jama'a ba su yi tururuwa ba, sai da aka ɗau shekaru ana noma ana koyon harshe. Daga baya aikin ya bazu zuwa Jos da Kaduna, waɗanda a 1934 kowace ta samu shugabancinta. Abin mamaki, uwar ta daɗe a ƙarƙashin 'yarta Jos, sai a 2007, shekara ɗari cif, Shendam ta zama dayosis, da Bishop James Daman a matsayin na farko. Bayan rasuwarsa a 2015, Bishop Philip Dung ya gaje shi.

Wannan duk yana cikin littattafai. Abin da ba a rubuta ba shi muke nema. Makarantun mishan sun fara ne da katikis, mutum ɗaya, safe ya koyar da karatu da lissafi, yamma katikisim, Lahadi ya ja sujada. Wa ya kwaɓa ƙasar ginin ajin farko a ƙauyenku? Su wa a Zumuntar Mata suka ɗebo ruwa a ka? Yaya aka ji a shekarun 1970 da gwamnati ta karɓe makarantun mishan? A ganina waɗannan mutane sun cancanci a san sunayensu kamar na Fada.

Don Allah idan yaro ya zauna gaban kaka da biro da littafi, kada a kore shi. Mai tsohon katin baftisma ko hoto ko takardar sakamakon jarrabawa, ko da gara ta ci gefe, ya kawo ofis da kansa, kada a ba yaro a jaka. Za mu ɗauki hotonsa mu mayar nan take.

Naku cikin Almasihu,
Shugaban Makaranta