Ba jinin ne ke riƙe yaranmu a GTA ba

Assalamu alaikum Edita, ina gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatanka.

Ni mai gyaran waya ne nan Maradi, kuma abin da ya sa na rubuto shi ne kwanan baya a fadarmu aka yi ta gardama kan wasan bidiyon nan GTA, wani dattijo ya ce son jini ne kawai ke jan yara gare shi. Ban iya musu da babba a gaban mutane ba shi ya sa na kawo maganar nan.

Ni kaina na buga GTA San Andreas ina yaro, a wani shago da ke da na'urar wasa ta PS2 guda biyu da tele mai ƙaton baya, mu biya dala biyar mu karɓi manet, in an ɗauke kuran kuɗinka sun tafi ke nan, babu mai maido maka. Wasan nan ya fito tun 2004 fa, amma yau ɗin nan da nake rubutu har yanzu yara na zuwa shagona a saka musu shi a waya. GTA V kuma na 2013 ne, an sayar da sama da kwafi miliyan 200, ya kawo wa kamfanin Rockstar dalar Amurka biliyan ɗaya cikin kwana uku kacal. Wasannin harbe-harbe nawa aka yi tsakanin nan aka manta da su? In jini ne kawai ai da su ma sun daɗe.

Ran nan na zauna ina kallon ɗan wana yana bugawa, wajen awa guda wallahi bai harbi kowa ba. Ya kai CJ, mutumin da ake bugawa da shi a San Andreas, wurin aski, ya sai masa kaya, ya hau keke ya zaga unguwa, can ya ɗauki moto ya fita bayan gari ya haye dutse yana ta dariya shi kaɗai. Yaron nan a gida ba ya da ta cewa, daga lakwal sai makarantar allo sai aike, filin da muka buga ƙwallo muna yara an yanka shi an gina, keke ma ba shi da shi. A cikin wayar kuwa gari guda nasa ne, Los Santos, duk titin da ya ga dama ya bi, ba mai ce masa dawo. Ko ya ja rigima taurarin da ke nuna polis na nemansa suka hau har shida, aka kama shi ko aka kashe shi, zai farka bakin ofishin polis ko asibiti ya ci gaba. Wannan ne daɗin, mu ma shi ya riƙe mu.

Ba wai ina wanke wasan ba ne. Akwai ashar, akwai karuwai da ƙwaya, ana take mutane da mota a banza, kuma lamba 18, wato na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, na nan ɓaro-ɓaro a jikin kwalinsa. To amma wa ke ganin kwali a nan? Mu masu turawa a waya mu ne muka cire shi, yaro ɗan shekara tara ya miƙo dala ashirin a tura masa ba tambaya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, yanzu dai na daina sai in ya zo da babbansa.

Iyaye kuma don Allah kafin a fizge waya a fasa, a zauna minti goma a ga abin da yaron ke yi a ciki. Ga GTA VI ma na tafe, yaran shagona sun fi ni sanin labarinsa alhali ko PS5 ɗin ba su taɓa riƙewa ba.

Na gode.

Mai gyaran waya,
unguwar Zariya, Maradi