Man Bilicin Ba Ya Maganin Baƙin Tabon Fuska

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana mata kan baƙin tabon nan da likitoci ke kira melasma, wanda kan fito a kumatu biyu, da goshi, da saman leɓe. Fata ce ke yawaita samar da sinadarin launi, kuma abubuwan da suka fi tayar da shi su ne hasken rana, da juna biyu, da ƙwayoyin tazarar haihuwa. Ba ya ciwo, ba a ɗauka, kuma na mai ciki yakan dushe bayan haihuwa.

Abin da ke damuna shi ne yadda mata ke garzayawa kasuwa su sayo haɗin man bilicin marar suna, wanda sau da yawa yana ɗauke da clobetasol, wani maganin kumburin fata mai ƙarfi, ko sinadarin makuri mai guba, alhali hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kai. Fuska takan yi haske na ɗan lokaci, daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, tabon ya dawo da duhun da ya fi na farko.

Likitan fata yakan ba da maganin shafawa na hydroquinone na 'yan watanni kawai, ko na azelaic acid ga mai ciki, tare da man kariya daga rana mai lambar ƙarfin kariya (SPF) 30 zuwa sama, wanda ake shafawa kullum, ko da hazo ya rufe gari.

Wata ma'aikaciyar jinya, Kano