Kada a firgita masu shagunan kwamfuta da labarin ƙarshen Windows 10

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan yadda labaran manyan kamfanonin manhaja ke iso mana nan karkara. Kusan kullum sanarwar kamfani ce ake fassarawa a buga kamar yadda ta fito, babu tambaya, babu bin diddigi. Haka aka yi da Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Abin da mai shagon buga takardu a Gumel ko Maigatari ya fahimta shi ne kwamfutarsa ta tashi aiki, sai ya nemi sabuwa. Mutumin da jarinsa bai wuce laftof biyu 'yan kwatano da firinta ɗaya da ƙaramin janareto ba, wannan magana tana iya tura shi cin bashin da babu dalilinsa.

Babu kwamfutar da ta mutu a ranar. Tana kunnuwa, tana buga takarda, tana aiki kamar jiya. Abin da aka yanke shi ne facin tsaro, wato gyaran da kamfanin ke turowa Talata ta biyu a kowane wata don toshe ɓarakar da 'yan kutse suka gano. Ban ce wannan ƙaramin abu ba ne. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da asibitocin Ingila, kuma waɗanda ta kama su ne waɗanda ba a saka musu facin da ya fito tun watan Maris ba. Sai dai haɗarin ya danganta da aikin da na'urar take yi. Wadda ake buga katin gayyata da takardar neman aiki da ita, ba ta taɓa hawa intanet ba, ƙofar cutarta ita ce filashin da kwastoma ke kawowa, irin cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu. Sabuwar Windows ba ta hana wannan. Wadda ake duba sakamakon jarrabawa da ita, ake cike fom na makarantu, ake shiga asusun banki, ita ce abin damuwa. Kuma a faɗi gaskiya, galibin kwamfutocin shagunanmu an daɗe da kashe musu sabuntawa saboda cin data, tun kafin hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Sun shekara da shekaru babu faci, babu jaridar da ta tanka.

Sharuɗɗan Windows 11 su ne ram giga 4, wurin ajiya giga 64, wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da firosesa na Intel zubi na takwas zuwa sama. Wannan na ƙarshen shi ne ya kayar da mafi yawan na'urorin da ke hannun mutanenmu. Ganewa ba wuya. A shiga Settings, a danna System, sannan About, a karanta lambar firosesa. Idan an ga i5-6300U, lambar farko bayan ɗan layin, wato 6, ita ce zubin, ba ta kai ba. Idan i5-8250U ce, ta kai. HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 da ThinkPad T460 duk zubi na shida ne. EliteBook 840 G5 da Latitude 7490 da T480 galibinsu na takwas ne, amma wasunsu na bakwai ne. Shi kuwa TPM, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta tpm.msc. Sau da yawa guntun yana nan, a kashe yake kawai. Sai a sake kunna na'urar a riƙa danna F10 idan HP ce, F2 idan Dell ce, F1 idan ThinkPad ce, a nemi TPM ko PTT a ƙarƙashin Security a kunna shi. Aikin minti biyar ne.

Kamfanin ya ce saboda tsaro ya gindaya sharaɗin, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma laftof mai zubi na shida ko na bakwai, da ram giga 8, lafiyarta ƙalau, tana ɗaukar duk aikin da shago ke buƙata. Kuma kowace sabuwar kwamfuta da aka sayar da Windows a cikinta, kamfanin yana da kuɗin lasisi a kai. Ya kamata mai karatu ya ji wannan ɓangaren shi ma. A 2015, shekarar da Windows 10 ta fito, wani ma'aikacin kamfanin ya faɗa a bainar jama'a cewa ita ce Windows ta ƙarshe, jaridun duniya suka yayata. A Oktoban 2021 sai ga Windows 11.

Wanda tasa ba ta kai ba yana da hanyoyi, kowace da ƙayarta. Akwai ƙarin wa'adi da kamfanin ya buɗe wa ɗaiɗaikun mutane zuwa 13 ga Oktoba 2026, kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya shiga da asusun Microsoft ya yarda a adana saitinsa a wurinsu. Sharaɗi, Windows ɗin ta kasance 22H2, wato zubin ƙarshe na Windows 10, kuma mai lasisin gaske. Nan gizo ke saƙar, domin da yawa daga cikin na shagunanmu fasassu ne, masu gyara suka ɗora musu. Akwai kuma Linux Mint, manhajar da ake ɗorawa a madadin Windows, wadda kyauta ce, ram giga 4 ya ishe ta, zubi na 22 kuma za a ci gaba da yi masa faci har 2029. Don hawa intanet da cike fom ba ta da matsala, yawancin firintocin HP LaserJet ma tana gane su. Amma CorelDraw ba ya aiki a kanta, kuma shi ne abincin mai zana kalanda da katin biki. LibreOffice, madadin Word da ke zuwa da Mint, yana buɗe fayil ɗin Word, sai dai tebur da layuka kan goce, takarda mai shafi biyu ta koma uku. Na'urorin ɗaukar hoton yatsa su ma galibi direbansu na Windows ne. Shawarar da ta fi dacewa da mai kwamfuta biyu ita ce ya raba musu aiki: ɗaya ta zauna da Windows 10 don zane da bugu, a cire ta daga intanet ɗungurungum, ɗayar a saka mata Mint don aikin intanet.

Sai wani tarko da ya kamata mai saye ya sani kafin ya hau motar Kano. Ana iya tilasta wa Windows 11 hawa tsohuwar na'ura ta hanyar tsallake binciken da wata ƙaramar manhaja mai suna Rufus. Za ta hau, ta yi aiki, amma kamfanin ya ce bai ɗauki alkawarin turo mata faci ba, kuma babbar sabuntawar shekara ba ta zuwa da kanta. Don haka ganin Windows 11 a fuskar laftof ba shaida ba ce. A karanta lambar firosesa da ido kafin a ƙirga kuɗi. Idan kuma za a ɗora ta a kan wadda ta cancanta, fayil ɗin ya haura giga 5. A sauke shi sau ɗaya a inda sabis ke da ƙarfi, a zuba a filashi mai giga 8, ya wadaci shaguna goma.

Abin da ke kashe kwamfuta a wannan yanki ƙurar hunturu ce da ke toshe fanka, da zafin bazara, da wutar janareto mai hawa da sauka da ke ƙona caja. A buɗe bayanta sau biyu a shekara a hure ƙurar, a daina ɗora ta kan katifa ko darduma, a haɗa ta da sitabilaiza. Mai jin tasa tana nauyi ya cire tsohon faifan ajiya mai juyawa ya saka SSD mai giga 256, ya ƙara ram zuwa 8. Kuɗin bai kama ƙafar na sabuwar laftof ba, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Yanzu kuma an koma tallar ƙirƙirarriyar basira. Kwamfutocin da Microsoft ke kira Copilot+ suna bukatar ram giga 16 da wani guntu na musamman. Manhajar Recall da aka sanar a Mayun 2024, mai ɗaukar hoton duk abin da mutum ke yi a allonsa, sai da aka ɗage fitar da ita bayan masana tsaro sun nuna yadda za a iya kwashe bayanan cikin sauƙi. A Janairun 2025 aka cusa Copilot, manhajar ƙirƙirarriyar basira ta kamfanin, cikin Microsoft 365, wato kunshin su Word da ake biyan haya, kuɗin shekara na mutum ɗaya a Amurka ya tashi daga kusan dala 70 zuwa kusan 100. Mu da dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024, biyan haya da dala kan manhajar buga wasiƙa ba namu ba ne. Mun kuma ga alkawura a baya: intanet kyauta na Google Station da aka buɗe a Legas a 2018 an rufe shi a 2020, balan-balan ɗin Loon da aka ce zai kai sabis ƙauyuka an naɗe tabarmarsa a 2021, Express Wi-Fi na Facebook ya bi sahu a 2022. Ranar buɗewa an buga labari da hotuna, ranar rufewa shiru.

Roƙona, Malam Edita, duk sanarwar kamfani da za ku buga, ku sa wakilinku ya fara zuwa wurin masu gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano ko Dutse ko Haɗejiya ya tambaye su: nawa abin zai ci da naira, giga nawa zai sha, yana aiki idan babu sabis, kuma wace na'ura ce daga cikin waɗanda ke hannun jama'a za ta ɗauke shi. A buga amsarsu a gefen maganar kamfanin, a shafi ɗaya.

Wassalam.

Daga wani mai gyaran kwamfuta,
Gumel, Jihar Jigawa